Namijin Dabinon da Baba Nata'ala Ya Bari

Daga Sa'adiyya Umar, Soron Ɗinki, Kano

Mu duka na Allah ne, kuma wurinSa kowa zai koma. Ranar Talata, 13 ga watan Janairu, 2026, cikin goman ƙarshe na Rajab, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Nata'ala magini, na unguwarmu Soron Ɗinki, yana da shekara sittin da tara. Bai yi jinya ba. Ya dawo daga masallaci, ya shimfiɗa buzu a gindin dabinon tsakar gidansa yana wasa laujensa, sai ya ce wa matarsa, Inna Turai, ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Kafin ta ɗebo ruwa ta dawo, rai ya yi halinsa. Aka yi masa sutura, aka kai shi makwancinsa kafin a kira magariba.

Tun daga ranar, magana ɗaya nake ta ji a bakin matan da ke shigowa gaisuwa. Kowace ta gama yi wa Inna Turai ta'aziyya, sai ta ɗaga kai ta dubi dabinon nan, ta ce, "Allah sarki, ga tsayi ga kauri, amma juya ne. Bai taɓa haihuwa ba." Wataƙila kai ma mai karatu da haka za ka ce, domin a wurin yawancinmu itacen da ba ya 'ya'ya bakarare ne, amfaninsa inuwa, daga nan sai murhu. Ni ma na fi shekara talatin ina ɗauke da wannan fahimta, alhali ilimin halittu nake koyarwa a makarantar sakandaren 'yan mata. To, dabinon nan ba juya ba ne. Namiji ne. Kuma wannan kuskure namu har an sa masa rana: Laraba mai zuwa, washegarin addu'ar bakwai, mai injin sare itace zai shigo gidan.

Baba Nata'ala, bari in yi magana da kai, ko da yake ba za ka amsa ba.

Muryarka na fara sani kafin fuskarka. Kowace shekara, idan sanyi ya shigo har ruwan randa ya fara cizon hannu, za ka yi sallama a zauren gidanmu, a yi maka iso, ka shigo kanka a sunkuye, da igiya a kafaɗa da burgami a rataye. Idan Iya Nana, mahaifiyata, ta gaishe ka, ba ka ƙara komai a kan, "Na zo gyara." Sannan ka tsaya a gindin dabinonmu ka ɗaga murya sau uku: "Za a hau sama! A kimtsa!" Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san dalili. Gidajenmu manne suke da juna, tsakar gida ba rufi, bayi ba rufi, wanda ya hau dabino kuwa gida bakwai yake leƙawa. Da an ji kiran nan, mai wanka ta gaggauta, mai tsifa ta jawo ɗankwali, mai daka ta gyara ɗaurin zane. Sai ka jira, sai an amsa maka daga bayan katanga, sannan ka sa ƙafa. Iya takan ce kiran ma al'ada ce kawai kake cikawa, domin in kana sama idonka a kan itace yake hawa, a kan itace yake sauka.

Mu a ƙasa abin da muke gani shi ne busassun zarba suna faɗowa, yara na gudun ƙaya. Muka ɗauka shi ne gyaran. Mun san kana daɗewa a can tsakiyar kan dabinon kana ɗaure-ɗaure, amma ba wanda ya tambaya. In damina ta matso dabino ya nuna, mu ce Allah Ya yi wa itacenmu albarka. Gaskiya ne, Ya yi. Hannun da Ya biyo da albarkar ne ba mu gani ba.

Shekara takwas da suka wuce ka faɗo daga katangar da kake yaɓe, ƙafa ta karye, maɗori ya kwantar da kai wata uku. A shekarar ba a ji kiranka ba. Dabinonmu ya yi fure kamar kullum, har ya ɗaura 'ya'ya jingim, muka yi murna. Amma 'ya'yan suka ƙi girma. Ƙanana, uku-uku a manne, in ka fasa ba ƙwallo a ciki, in ka tauna sai bauri. Suka riƙa zubowa kore, muna sharewa muna kai wa akuya. Iya ta ce baki ne, ta tuna wata baƙuwa da ta taɓa tsayawa tana yaba itacen ba ta ce tubarkalla ba. Aka karɓo rubutu aka yayyafa masa, aka ɗaura masa laya. Ni kuwa, mai takardar jami'a, na ce ba wani baki, taki ne ya yi masa kaɗan, na sayo na zuba. Da Iya da ni, ba wadda ta fi wata kusa da gaskiya. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne da na ji a gidan suna cewa haka aka yi a Madabo, haka aka yi a wani gida a Gwale. Wace irin baƙuwa ce za ta zaga gidaje haka da baki ɗaya?

Da ka dawo shekarar da ta biyo, kana ɗan ɗingishi, na tare ka a zaure bayan ka sauko. Na durƙusa na gaishe ka, na ce, "Baba, don Allah me kake ɗaurawa a can sama?"

Ka dubi ƙasa, ka dubi ƙofa, kamar na tambaye ka wani abin da ba a faɗa. Ka ce, "Gyara ne, 'yar nan."

Na ce, "Baba, bara ba ka zo ba, bai haihu ba."

Ka yi 'yar dariya. "Ke ba an ce malamar wannan fanni ce ba? Me kuke koya wa yaran, in ba ku san wannan ba?"

Na ce, "Zane muke yi musu a allo."

Ka ce, "Allo ba ya fure. Ɗauko faifai."

A kan faifan nan ka kwance mini abin da na daɗe ina haddatar da ɗalibai ban taɓa riƙe shi a hannu ba. Ka ciro sili biyu daga burgami. Na farko furanninsa farare ne masu ɗan buɗewa, cunkushe da juna. Ka ɗan buga shi da yatsa, sai wani gari mai laushi, fari-fari mai ratsin rawaya, ya sauka a faifai, da wani ƙamshi irin na ƙullun da ya fara tashi. Ka ce wannan na namiji ne, daga gidanka ka zo da shi. Na biyu kuwa ba shi da gari ko kaɗan, 'yan dunƙule-dunƙule ne jere a jikin sili kamar ƙananan duwatsun wuya. Ka ce wannan na macenmu ne.

Ka ce furen dabino a cikin kube yake fitowa, wani dogon kwanso mai tauri da ke leƙowa tsakanin zarba. In kuben namiji ya ƙosa ya fara tsagewa, sai ka yanko shi, ka rarraba silin, ka shanya a inuwa inda iska ba ta kaɗawa. In na mace ya tsage, sai ka hau, ka karkaɗa mata garin, ka cusa sili biyu ko uku a tsakiyar furenta, kansu a ƙasa don garin ya ci gaba da zuba, ka ɗaure da ganyen zarba sakwa-sakwa. Ka ce, "Shi ke nan, an ɗaura aure. Kowane ɗan dunƙule da kike gani, uku ne a cikinsa. In auren ya ɗauru, ɗaya ta girma da ƙwallonta, biyu su faɗi. In bai ɗauru ba, duka ukun su liƙe, ba mai ƙwallo, ba mai zaƙi. Su kuka share bara." Sannan ka ɗaga yatsu ka ce abin da ya hana ni sukuni a wannan makon: "Amma fa mace ba ta jira. In kubenta ya tsage, kwana uku ne, in ya yi yawa huɗu. Bayan nan ko buhun gari kika zuba mata, sai wata shekara."

Na tambaye ka me ya sa duk shekarun nan ba ka taɓa faɗa ba. Ka ce, "Haba, Sa'adiyya. In shiga gidan mutum, in tsaya gaban iyalinsa in ce na zo aurar da itace, in kama bayanin namiji da mace? Da wane baki?" Kunya ce, Baba, irin ta mutanen da. Ita ta buɗe maka ƙofar gida goma sha tara da ba kowane namiji ke shiga ba. Ita ce kuma ta sa yawancin gidajen nan har yau ba su san me ka yi musu ba.

'Yan kaɗan daga cikin maza sun sani. Alhaji Audu mai shagon yadi, abokin wasanka, duk ya hango ka da igiya sai ya ɗaga murya daga bakin shago: "Waliyyin itatuwa! Yau gidan wa za a kai amarya? Nawa aka yanka sadaki?" Kai kuma ka buɗe masa tafin hannunka, duk zanen ƙaya, ka ce, "Ga sadakin nan, Alhaji, ni nake biya, kai kake cin walima." Akwai lokacin da wani ya yi gunaguni a bakin masallaci cewa wannan shiga aikin Allah ne. Liman ya ce masa tun zamanin sahabbai mutanen Madina ke yi wa dabinonsu haka, aka bar maganar.

Daga wannan shekara darasina ya sake. Duk lokacin fure kakan aiko mini da sili biyu a nannaɗe cikin takarda, in zaga da su aji, kowace yarinya ta buga da yatsa ta ga garin da idonta. Daga nan sai tambayoyi su ɓalle. Su gano da kansu cewa gwandar bayan gidansu mai dogayen furanni da ba ta taɓa haihuwa ba, ita ma namiji ce. Su gano giginya ma haka take. Su ga masara ita a kara ɗaya ta haɗa duka biyun, garin yana zubowa daga hudar da ke sama, gashin da ke bakin goyo yana karɓa. Su ga kabewa furen namiji daban, na mace daban a yaɗo ɗaya, zuma ce 'yar aike a tsakaninsu. Wata ta taɓa tambayata wa ke yi wa dabinon daji aure. Na kawo maka tambayar, ka ce iska. Ka ce nan cikin birni ma da iska tana ɗan taimakawa, lokacin da dabino ya fi kowane soro tsayi, kuma maza suna da yawa. Yanzu benaye sun tare mata hanya, mazan kuwa sun ƙare.

Ka lissafa mini su a ranar, kana lanƙwasa yatsu, fuskarka ba walwala. Maza shida ka tashi ka sani a yankin da ƙafarka ke kaiwa. Na Madabo an sare shi aka yi bene. Na bayan wata makarantar allo a Gwale tsawa ta faɗa masa. Biyu sun tafi a rabon gado, domin da aka ja igiya a tsakar gida, ba ɓangaren da ya yarda a bar masa itacen da ba ya haihuwa. Na biyar mai gidan ne ya gaji da sharar ƙaya. Kowanne ka je ka roƙa, kowanne aka ba ka haƙuri. Ka lanƙwasa yatsu biyar, ka bar babban yatsan ɗaya hannun a tsaye, ka ce, "Saura na gidana. Shi ma ina numfashi ne yake tsaye."

Na ce ai sai a shuka wani. Ka girgiza kai. Ka ce ƙwallon dabino ba a san me zai fito ba, mace ko namiji, sai ya yi fure, kuma kafin nan shekara biyar, shida, bakwai sun wuce. Hanya tabbatacciya ita ce a ciri ɗan da ya tsiro a gindin uwa a dasa, domin shi jinsin uwarsa yake ɗauka. Amma dabino yana ƙuruciya yake fid da 'ya'yan gindi. Naka ya tsufa, ya daina tun kafin a haifi autarka. Ka taɓa dasa biyu daga jikinsa a gidajen mutane. Da suka girma suka yi fure ba 'ya'ya, aka sare su.

Ba dabino kaɗai za a tuna ka da shi ba. Akwai zawarawa da tsofaffi a unguwar nan da ba su taɓa kwana cikin yoyo ba, domin kafin hadarin farko kakan zaga da kwandon yaɓe ka toshe musu rufin soro, ka gyara indararo, ka wuce kafin a dama maka fura. Da katangar Iya ta tsage bayan rasuwar mahaifinmu, ba mu aika maka ba. Da safe kawai muka ji kiranka, "Za a hau sama!" Kuma duk gidan da ya taɓa aiko maka da kwanon dabino in ya nuna, kakan mayar da ɗan aiken da kwanonsa, ka ce a kai masallaci masu azumin nafila su yi buɗa-baki. Tun ana aikowa har aka daina. Mun yaba wannan hali naka, Baba, har yanzu muna yabawa. Amma ka ga abin da ya haifar: 'ya'yanka sun tashi a gidan da ke ciyar da dabinon gida goma sha tara, ba su taɓa ganin ƙwara ɗaya ta shigo ta dalilin itacen nan ba. Ƙayarsa kawai suka sani.

Duk wanda ya shiga zauren gidanka a shekara biyun nan ya ga bulo a jibge, an rufe shi da tsohon buhu. Na Hashim ne, babban ɗanka, mai gyaran wutar lantarki. Shi da matarsa da 'ya'ya huɗu a ɗaki ɗaya suke, kuma duk gidan ba filin da ya rage sai inda dabinon yake. Sau uku ya roƙe ka, sau uku ka ce ya ƙara haƙuri, ba ka kuwa gaya masa dalili yadda zai gamsu ba. Uba bai saba zama da ɗansa ya yi irin wannan bayani ba. Hashim bai taɓa ɗaga maka murya ba. Ya rufe bulonsa ya jira. Kada wanda ya karanta wannan ya zarge shi. Mutumin da 'ya'yansa mata suka fara girma a ɗaki ɗaya da shi ba son zuciya ke damunsa ba.

Ranar Litinin, kwana ɗaya kafin rasuwarka, ka hau namijin nan ka yanko kuben farko na bana. Ka rarraba silin a babban faifai, ka ajiye a rumfar da ke jikin ɗakin Inna Turai, ka rufe da tsohon rawani. Ranar Laraba, gida cike da mata, ana girkin masu zaman makoki, aka nemi faifan tsince shinkafa. Wata baiwar Allah, da kyakkyawar niyya, ta ɗage rawanin, ta ga busasshen fure, ta fita da shi ta karkaɗe, ta watsa wa ragon da ke ɗaure a bayan gida. Ina shigowa na ga ragon yana tauna sili na ƙarshe, garin ya yi masa fari a baki. Ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Matan suka ɗauka kukan mutuwa ne ya taso mini, suka yi ta ba ni baki. Inna Turai ce kaɗai ta gane. Da na matsa kusa da ita a kan tabarmar takabarta, ta kama hannuna ta ce, "Na ce musu kar a taɓa faifan Malam. Muryar ce ba ta fita ba."

Jiya Juma'a da safe na leƙa gidanmu. Iya na zaune a rana tana jan carbi, ta nuna mini sama da haɓa. Kuben macenmu ya tsage, furen ya leƙo fari tas. Na tsaya ina kallonsa, ina ƙirga kwana. Unguwa tsit. Wannan ne lokacin da ya kamata a ji kiran nan daga wani lungu, a ji mata na amsawa ta bayan katanga. Ba kira. Na san a Madabo da Gwale ma wasu kuben suna tsagewa a sama, masu gidan na ƙasa suna jiran mai gyara, wasunsu ko labarin rasuwar bai kai musu ba.

Bayan la'asar na sami Hashim a zaure, baƙi sun ɗan ragu, yana zaune a gefen bulonsa. Na yi masa gaisuwa, na ce ina da magana. Na faɗa masa duk abin da na rubuta a nan, ban rage ba, har abin da mahaifinsa ya ji nauyin faɗa. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Yaya Sa'a, shekarata arba'in da ɗaya a gidan nan. Ko ƙwallo itacen nan bai taɓa jefo mini ba. Kin ga nan?" Ya nuna mini tabo a dunduniyarsa. "Ƙayarsa ce, ina ɗan shekara tara. Yanzu kuma ki ce mini shi ne uban dabinon unguwa?"

Na ce, "Shi ne. Wanda ka ci a gidanmu kana yaro, har Iya ta bi ka da muciya, ɗansa ne."

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. Ya ce, "To, ina masu gidajen? Goma sha tara kika ce. Kwana huɗu muna zaune a nan, ban ji wanda ya ambaci itacen da alheri ba."

Gaskiya ya faɗa. Na ce, "Ba su sani ba. Bari in sanar da su. Amma akwai kube uku da suka rage a sama, ɗaya ya fara tsagewa, daga tsakar gida ana hango shi. Macenmu kuma kwananta ɗaya ya tafi."

Ya ce, "Ni ban san yadda ake yi ba."

Na ce, "Ni na san yadda ake yi, hawa ne ban iya ba. Kai kuwa kullum a kan falwayar lantarki kake."

Can ya tashi ya shiga cikin gida, na bi bayansa. Ya tsaya a inda mahaifinsa ya shimfiɗa buzu ranar Talata, ya ɗaga kai. Igiyar tana nan rataye a ƙusa, laujen yana jingine, an wasa rabinsa. Ya taɓa igiyar, ya ja ta ya ji ƙarfinta.

Ya ce, "Lahadi da hantsi. Zan hau in yanko, in zo in hau taku. Saboda Baba." Ya juyo ya dube ni. "Amma kar in yaudare ki, Yaya. Mai inji Laraba na ce masa, kuma ban janye ba. Yarana ba za su kwana a kan dabino ba."

Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ba zan ƙara masa gishiri ba. Hawan rana ɗaya aka yi mini alkawari. In Laraba ta zo yadda aka tsara, garin da za a sauko da shi gobe shi ne na ƙarshe. Za a iya busar da shi a adana a kwalba, ya yi wa waɗanda kubensu bai tsage ba tukuna. Daga baɗi kuwa, itatuwa goma sha tara za su yi ta fure suna zubar da kore, a yi ta neman baƙuwar da ta yi musu baki.

Don haka ga roƙona ga duk wanda Malam Nata'ala ya taɓa yi wa sallama ya ce ya zo gyara. Yau, kafin rana ta faɗi, fita tsakar gidanka ka ɗaga kai. In ka hango kube ya tsage, ka fara ƙirga kwana. Gobe Lahadi da hantsi ka zo gidan marigayi da 'yar takarda mai tsabta, maza a zaure, mata a ciki. Za a ba kowa sili uku. Ka buga ɗaya da yatsa a tafin hannunka, ka ga garin da idonka, ka sansana. Wanda itacensa gajere ne, tsani ya ishe shi: ya karkaɗa, ya cusa silin kansu a ƙasa, ya ɗaure da ganyen zarba, kada ya matse. Ba wani asiri a ciki, zan tsaya in nuna wa duk mai so har ya iya. Ku zo da 'ya'yanku su gani. Kuma ku zo da shawara, domin a cikinku akwai magina, akwai masu ɗakin da ba kowa a ciki, akwai waɗanda suka san yadda ake ɗora ɗaki a kan ɗaki. Ba na cewa a hana Hashim gini. Ina cewa mun ci shekara da shekaru daga tsakar gidan nan, bai kamata mu bar shi shi kaɗai da zaɓi tsakanin 'ya'yansa da itacen ubansa ba. Ya tambaye ni ina masu gidajen. Ku zo ya ƙirga ku.

Baba Nata'ala, Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya haskaka shi. Yadda ka runtse ido ga barin sirrin gidajen mutane kana bisa, Allah Ya suturta ka ranar da asirai ke tonuwa. Duk ƙwarar dabinon da mai azumi ya buɗe baki da ita ta dalilin hannunka, Allah Ya sa ka same ta a mizani. Duk ƙayar da ta soke ka, Ya sa ta zama kankarar zunubi. Ya shayar da kai daga tafkin ManzonSa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Ya zaunar da kai a inuwar da ba ta gushewa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Turai, Allah Ya ba ta juriyar takaba, Ya zama gatanta. Ga Hashim da ƙannensa, Asma'u da Mikail da auta Sumayya, da jikoki baki ɗaya, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya haɗa kanku, Ya yalwata muku muhalli ta inda ba ku zata ba. Ga Alhaji Audu, wanda tun Talata bai buɗe shago ba, da dukkan jama'ar Soron Ɗinki da Madabo da Gwale, Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Matan unguwa, gobe da hantsi za ku ji an ce za a hau sama. Muryar ba wadda kuka saba ji ba ce, wataƙila ma ta ɗan yi rawa. Ɗansa ne. Ku kimtsa, ku amsa masa da ƙarfi yadda zai ji.